Buƙata ta Bakwai

A gindin darbejiyar ƙofar ofishin ƙungiyar manoma Khalilu ya fara ganin Huseina, kuma kallon da ta yi masa ba na maraba ba ne.

"Kai ne sabon mai kwamfutar?"

"Ni ne. Daga Bici aka turo ni in ji buƙatun manoma, in rubuta, kafin a sake gina manhajar rabon taki."

"To rubuta ta farko. Muna buƙatar ku tafi."

Ni dai ban ga laifinta ba. Bara, lokacin da buhun taki ya gagari talaka, ƙungiyar ƙauyensu da ke gefen Makoda ta samu tallafi. Wanda aka turo ya tsara manhajar ko gona bai taka ba, sakataren ƙungiya Muntaka kaɗai ya tambaya. Muntaka ya ce gida ɗaya, gona ɗaya, suna ɗaya. Gandun maigida ya shiga. Gayauna kuwa, 'yar gonar da mace ke da ita ta ƙashin kanta, ba a yi mata gurbi ba. Mata arba'in da uku suka rasa taki, buhunansu suka ɓulla a kasuwar Ɗambatta. Dawar Inna Kulu, mahaifiyar Huseina, ta tsumbure, aka sayar da awakinta aka ci. Tun ranar Huseina ta ƙulla wa Muntaka, ta rantse sai sunan kowace mace ya shiga, kuma sai ya ji kunya a gaban mutane.

Khalilu bai yi fushi ba. Da gaske ya rubuta maganarta, ya ɗago yana murmushi.

"An rubuta. Saura dalili. Ba na karɓar buƙata babu dalili."

Ta gaya masa tas, tana huci. Da ta gama sai ya miƙa mata wayarsa ta aiki.

"Ni ba ni da ikon shiga gidaje, ke kina da shi. Ki naɗo min muryoyinsu."

Kwana goma sha biyu tana zagaya gidaje. Da la'asar su zauna a soron gidansu, ta kunna, shi ya rubuta. Buƙata ta bakwai ta fito sarai: gida ɗaya yana iya samun gonaki da yawa, kowace da sunan mai ita. Ita dai ba ta san ranar da ta fara ɗokin la'asar ba, sai ganin saƙon Khalilu ta yi:

"Sarauniyar fushi, na gama jin buƙatun gari, saura tawa. Ke nake so. Dalili: ban taɓa ganin mai riƙe gaskiya kamarki ba."

Ta rufe fuska da mayafi ta mayar: "An karɓa, Malam mai tambaya. Amma ka sani, ba a janyewa."

Sai dai mahaifinta Malam Dabo ya ce sam. Muntaka ya riga ya aiko neman aurenta, kuma a hannunsa taki yake.

"Ba zan ba mai danna waya 'yata ba. Irinsu ne suka jawo wa uwarki asara bara."

"Baba, ba wayar ce ta ce mace ba ta da gona ba."

"Ki rufe min baki!"

Ana cikin haka aka manna takardar buƙatun a bangon ofis, kwana biyu kafin taron sa hannu. Huseina ta karanta sau uku. Daga ta shida sai ta takwas. Ta rubuta wa Khalilu:

"Ashe kai ma nawa aka ba ka? Ka ci amanar mata arba'in da uku. Kada ka sake tako soronmu. Allah ya isa."

Amsarsa gajera ce: "Masoyiyata, ki zo taro da muryoyin nan. Ki zo da fushinki duka, ina buƙatarsa."

Ranar taro dagaci na zaune, maza sun cika fili, Muntaka ya sha babbar riga. Khalilu ya miƙe ya ce a aikinsu ba a cire buƙata da baki, sai mai son a cire ya cike takarda, ya faɗi dalili, ya sa hannu. Ya ce ranar da ya je Bici aka kawo wa abokin aikinsa irin wannan takarda, shi kuma ya cire ta bakwai. Ya ɗaga ta ya karanta: "A cire ta bakwai. Matan sun janye da kansu. Muntaka, sakatare."

Huseina ta fito daga bayan zana, ta gaida dagaci, ta kunna waya. Muryar Inna Kulu ce ta fara, a dashe: "Ni ban janye gonata ba tun da ubana ya bar min ita." Sai Hure, sai Kaltume, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma idonta na kan Muntaka har aka gama. Malam Dabo ya sunkuyar da kai, don muryar matarsa ya ji.

Dagaci ya ce a sauke Muntaka daga muƙaminsa nan take. Huseina ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi ya yi aikin ƙarshe tukuna. Da hannunsa zai rubuta sunayensu."

Haka kuwa aka yi. Ya zauna cikin rana, zufa na ɗiga, tana kira yana rubutawa, in ya kuskure harafi ta ce ya sake. Wallahi ko ɗigon tausayinsa ba ta ji ba.

Da aka watse ta tsaya gefen Khalilu, ta kasa haɗa ido da shi.

"Na yi maka Allah ya isa."

"Na gani. Cike takarda ki janye."

Bayan kaka aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Dabo. Tuwon biki daga dawar gayaunar Inna Kulu aka tuƙa shi, ita ta ce lallai sai da tata. Da za a tafi da amarya, Malam Dabo ya riƙe hannun Khalilu.

"Ka saurari matata lokacin da ni ban saurare ta ba. Ga 'yata nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Daga cikin gida matan suka amsa da amin, har da guɗa.