Ƙosai a Cikin Zanen Mama

A Zongo akwai wata yarinya mai saurin hannu. Kafin a gama cewa "ɗauko", ta riga ta ɗauko, ko da ba abin ake nufi ba.

Mamarta ta haifi Safwan. An sha suna, an gama wankan jego, amma Mama ta daina dariya. Sai ta zauna, hawaye na zuba.

Baba ya kai ta asibiti. Likita ta ce, "Ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Yana warkewa." Ta sa Mama cikin masu jego da ke taruwa suna zanen hotuna duk Laraba.

Mama ta riƙa dawowa da takardu masu launi. Sannu a hankali murmushinta ya fara leƙowa.

Ran nan Inna, kakar yarinyar, tana suyar ƙosai a ƙofar gida, takardar naɗi ta ƙare.

"Ƙawata, nemo mini takarda."

Yarinya ta faɗa ɗaki, ta kwaso takardun zanen Mama kaf. Inna ba ta duba ba. Kafin hantsi, kowane zane ya bi ƙosai gidan wani.

Da Mama ta gane, ba ta yi faɗa ba. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ta ce, "Ba zan ƙara zuwa wurin zanen ba."

Baba ya kira yarinyar. "Kin san abin da kika kwasa?"

"Takardu ne, Baba."

"Maganin uwarki ne. Abin da bakinta ya kasa faɗa, shi take zanawa."

Yarinya ta bi gida-gida tana roƙon a mayar mata da takardun. Abdulaye mai gyaran babur ya miƙo nasa, duk baƙin mai.

"Shi ya sa samsar yau ta fi daɗi," in ji shi. Haka yake kiran ƙosai. "Ashe da kwalliya ta zo."

Maƙwabciyarsu Rasmata, wadda ita ma take goyo, ta hana nata. Ta goya jaririnta, ta riƙo zanen, ta biyo yarinyar har ɗakin Mama.

"Maman Safwan, wannan matar da kika zana a zaune cikin ruwan sama, ni ce. Tun da na haihu haka nake ji. Na zaci ni kaɗai ce."

Mama ta tashi zaune. Ta dubi zanen, ga tabon mai a goshin matar. Dariya ta ƙwace mata, Rasmata ma ta kama.

"Mama, ki yafe mini," in ji yarinyar.

"Na yafe. Amma hannun nan naki, ki koya masa sallama."

Ran Laraba mata biyu suka tafi zane tare.

Yara, kafin ku ɗauki abin wani, ku tambaya. Abin da kuka raina, wataƙila maganin mai shi ne.