Allurar Da Ta Ƙi Tashi

Saura kamar rabin awa a kira magariba Waliu ya fito da jar motar daga garejinsa da ke Fagge, zai gwada ta a karo na huɗu. Bai yi wa kowa sallama ba. Kwana goma sha biyu ke nan rabonsa da barcin kirki, har ya kai inda mutum ke daina jin gajiya, ya daina jin komai ma, sai dai ya riƙa kallon hannuwansa suna aiki.

Motar ta Uchenna ce, mai sayar da kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari, mutumin da zai iya kwana da yunwa amma ba zai bar motarsa ta kwana da datti ba. 'Yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, ta tsere, kuma injinta ba irin na sauran motoci ba ne. Babu fistin a cikinsa, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa, shi ya sa ake ce masa rotari. Uchenna ya ƙara mata tobo don ƙarin ƙarfi, ya sa mata ƙaton lagireto na alminiyam, ya canja salansa zuwa mai ƙara har maƙwabtansa suka daina amsa gaisuwarsa. Duk wanda ya san irin wannan inji ya san ciwonsa ɗaya ne, zafi. A Kano, a tsakiyar bazara, kullum fargabarka kada ya tafasa.

To, wannan ba ta tafasa. Ko ɗumi ba ta yi.

Allurar da ke nuna zafin ruwa ya kamata ta tsaya wajen tamanin da biyar. Ranar da aka kawo ta, a sittin take. Waliu ya yi dariya, don ya san halin 'yan'uwansa kanikawa. Da zarar mota ta shigo daga waje, sai su cire tamosta, 'yar ƙofar nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, su jefar, su ce ai ta ƙasar ƙanƙara ce. Ya kwance ya duba. Tana nan. Ya jefa ta a tukunya ya tafasa, ta buɗe lafiya lau, amma duk da haka ya sa sabuwa. Ya bi wayar fanka ko wani gwani ya haɗa ta kai tsaye tana juyi ba hutu. Ba a taɓa ta ba. Ya canja sansa mai auna zafin ruwan, ya canja mitar ita kanta. Ya toshe rabin lagireton da kwali. Allura ta sauko hamsin, bayan kwana uku ta sauko arba'in.

Daga ƙarshe ya yi abin da aka san shi da shi. Tun daga Fagge har Sabon Gari ana labarin hannun daman Waliu: ya kama tiyon ruwa kawai ya gaya maka zafin inji, kuma da wuya ya kuskure. Ya kama. Salansa ta yi ja don zafi, amma tiyon sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Oga Waliu, injin da ba ya zafi ai lafiya ke nan, ko?" in ji Uchenna.

"Ba lafiya ba ce. Cin kansa yake yi. Kuma wuta tana ci a ciki, ka ga salansa. Zafin nan wani wuri yake tafiya."

"Ina?"

Waliu ya rufe bonet.

A gida ma akwai abin da ya gagare shi. 'Yarsa Kaosarat, mai shekara huɗu, wadda ba ta bari kowa ya yi barcin rana a gidan, ta kwanta. Ba zazzaɓi ba ne, da ma shi ne. Sanyi jikinta yake yi. An je asibiti, an ɗibi jini sau biyu, ba a ga komai ba. Uwarta Basirat ta lulluɓe ta da bargo uku a watan da mutane ke kwana a tsakar gida suna fifita. Yarinyar ba ta kuka, ba ta neman komai. Kullum in Waliu ya dawo sai ya ɗora hannun nan nasa a goshinta ya daɗe, yana auna ta yadda yake auna inji, kuma kullum da safe ta fi jiya sanyi.

Yau da ya fito gwajin, ya bi ta bayan Kasuwar Singa. Ana rufe shaguna, manyan motoci sun jeru, 'yan dako suna wanke ƙafa. Ƙamshin sabulu da na sukari da hayaƙin gas duk sun haɗu. Ya taka totur, injin ya yi kukansa mai kama da na ƙudan zuma. Allura tana talatin da biyar. Iskar gari ma ta fi haka zafi.

Wayarsa ta yi ƙara. Basirat ce.

"Baban Kaosarat." "Ina kiranta ba ta juyowa. Leɓenta ya canja. Ka zo."

"Ga ni nan."

Ya faɗa ne kamar mai amsa wa mai kawo gyara. Ya san ya kamata gabansa ya faɗi, ya jira faɗuwar, ba ta zo ba. Ya karya sitiyari ya shiga wata 'yar hanya da ke bi ta gefen tashar jirgin ƙasa, don ita ce yanke.

Hanyar babu kowa. Tsofaffin taragai ne a jere, sun yi tsatsa, ciyawa ta bushe a ƙarƙashinsu.

Allura ta sauko talatin.

A wannan mota, ƙarfen da ke gefen ƙafar direba yakan yi zafi har ya dame ka. Yanzu sanyi yake busowa daga wurin. Gilashi ya fara yin raɓa ta ciki.

Ashirin da biyar.

Sai wari. Na jiƙaƙƙiyar ƙasa, da zaƙi-zaƙin ruwan lagireto, da wani ƙauri a ƙasansu, irin na gashin da ya taɓa wuta.

Motar ta rage gudu da kanta. Ya taka, ba ta amsa ba. Ta gangara ta tsaya daidai wani tarago marar ƙofa, injin yana ci gaba da juyi.

Nan ya gane wurin.

Kwana goma sha biyu da suka wuce, a nan motar ta tafasa wa Uchenna, ya kira shi. Ya zo a adaidaita-sahu, daidai wannan lokaci, yana sauri. Waya a maƙale a kafaɗarsa yana faɗa da wani mai kayan gyara, ya sa hannun dama ya kwance makunnin ƙasan lagireto. Tafasasshen ruwa ya kwarara a gindin taragon. Ya ji wani ɗan sauti a lokacin, siriri, ya ɗauka ɗan kyanwa ne.

Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ko ruwan taliya ba ta zubarwa sai ta yi bisimilla ta ce a gafara. Takan ce ƙasa ba tamu ba ce mu kaɗai, balle da almuru. Shi kuwa ranar ko a ransa bai yi ba.

Ya fito. Ya ɗaga bonet.

Lagireton ya jiƙe da raɓa. A jikin raɓar akwai shaidar yatsu, dogaye, sun fi na mutum tsawo.

"Rufe. Iska tana shigar masa."

A hankali aka faɗa, daga ƙasa, kusa da gwiwarsa.

Mace ce a tsugune a gaban motar, ta lulluɓa da wani zane mai launin toka. Ba ya ganin fuskarta. Ta manna wani ɗan ƙunshi a jikin lagireton, tana jijjiga shi.



"Nan ne ɗakinmu," ta ce. "Yana barci ka zuba."

"Ban gani ba," ya ce.

"Ba a ce ka gani ba. Magana za ka yi. Da ka yi, da na ɗauke shi."

Injin yana juyi. Can nesa wani ƙarfe yana bugun wani.

"Tun ranar jikinsa ya yi sanyi. Ɗumi nake nema masa. Duk abin da hannun nan ya taɓa, ina bi in ɗiba." Ta gyara ƙunshin. "Wutar ƙarfen nan tana da yawa, amma ba ta zama a jikinsa. Ta 'yarka ta fi zama."

Waliu ya dubi hannunsa. Ya tuna shayin da yake hucewa kafin ya kai baki. Ya tuna goshin Kaosarat, dare goma sha biyu, da yadda yake daɗewa.

Ashe matsalar ba a motar take ba. Shi ne yake kai ta duk inda ya je.

"Saura kaɗan," matar ta ce. "Yau zan ƙarasa ɗiba. Zai tashi."

Ya durƙusa. Tsakuwa ta soke shi a gwiwa, bai ji ba. Ya miƙa hannun.

"Baiwar Allah, wannan ne ya yi. Ba ita ba. Ɗibi nasa."

Sannan ta ɗora masa ƙunshin a tafin hannu.

Babu nauyi. Ko kaɗan.

Sanyi ya kama yatsunsa. Ya wuce wuyan hannu.

Ya so ya janye, hannun ya ƙi.

Gwiwar hannu.

Zanen ya ɗan zame. Ya ga 'yar ƙafa, fatar ta saluɓe, ta bushe. Ba ta motsi. Ta daɗe ba ta motsi.

Kafaɗa.

Bugun ƙirjinsa ya fara ja da baya. Ɗaya. Sai an jima, ɗaya.

Ya gane ko ta kwashe ɗumin Kano gaba ɗaya, yaron nan ba zai tashi ba. In ta gama da shi, gidansa za ta koma.

Daga wani masallaci a bayan tasha aka ɗaga kiran salla. Ya yi bisimillar da ya makara da ita kwana goma sha biyu. Sannan ya faɗi abin da ake faɗa wa uwar da ta yi rashi, don bai san wani ba.

"Ya haƙuri?"

Jijjigar da take yi ta tsaya.

"Ya rasu, baiwar Allah. Ni na yi sanadi. Ki yafe mini. Allah ya ba ki haƙurin rashinsa."



Sanyin ya tsaya a gindin wuyansa.

"Ba wanda ya gaya mini," ta ce. Muryar ta koma ƙarama. "Duk sun gani. Ba wanda ya gaya mini."

Ta ɗauke ƙunshin daga hannunsa, ta rungume. Sautin da ta yi bayan nan ba da kunne ya ji shi ba, a haƙoransa ya ji shi. Ya kife a ƙasa.

Bai san iya lokacin da ya ɗauka a kwance ba. Abin da ya tashe shi ƙarar fanka ce. Fankar motar, wadda ba ta tashi sai ruwa ya yi zafi, wadda kwana goma sha biyu ba ta motsa ba. Babu kowa a gaban motar. Ya ja jiki ya leƙa. Allura tana kan tamanin da bakwai.

Hannun dama yana lilo a gefensa. Da hagu ya sa giya, da hagu ya riƙe sitiyari, a giya ta biyu ya isa Fagge.

Tun daga bakin ƙofa ya jiyo ta. Kaosarat ce take tsala ihu, ta yi shuri da barguna, gumi ya jiƙe mata wuya, tana cewa zafi take ji, a ba ta ruwa. Basirat tana kuka tana dariya tana fifita ta da murfin kwano. Waliu ya tsaya a bakin ɗaki. Bai shiga ba. Ya ɓoye hannun a bayansa, ya jingina da bango, sai a lokacin hawaye suka zo masa.

Uchenna ya karɓi motarsa bayan kwana biyu. Yanzu ƙorafinsa ya koma na da, wai tana zafi a cunkoso. Da ya tambayi abin da aka gyara, Waliu ya ce masa tamosta ce.

Hannun ya dawo yana motsi bayan mako uku, yana riƙe sifana, yana ɗaure noti. Ji ne bai dawo ba. Ranar da ya dafa salansa mai zafi, sai da ya ji ƙauri sannan ya duba. Ya sayi ɗan ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa, kamar kowane bakanike. A garejinsa kuwa ba a ƙara zubar da ruwan lagireto a ƙasa ba. A bar shi ya huce, a tara a roba, a yi bisimilla.

Wata Juma'a da yamma yana zaune a kan tabarma, Kaosarat ta zo ta faɗa jikinsa. Ta kama hannun daman da hannuwanta biyu, ta ɓata fuska.

"Baba, hannunka sanyi. Kawo in hura maka."

Yana ganin 'yan yatsunta a kan nasa, amma ba ya jin su. Ya zare hannun da sauri ya tura shi a aljihu.

"Wannan ba na riƙewa ba ne," ya ce. "Zo ta nan."

Ya miƙa mata na hagu.