Amshin da Radiya Ba Ta Rubuta Ba

Da la'asar sakaliya Goggo Indo ta aiki Radiya ta kai wa mijin goggon, Baba Yakubu, fura a gonarsa ta cikin kwarin Tarka. Radiya ta ɗauki kwanon furar, ta kuma ɗauki wata jakar leda da goggon ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Wayar salularta ce a ciki, da ɗan ƙaramin mikro na ɗaukar murya, da abin saurare na toshewa a kunne. Banda salular, duk aro ne daga Abdulgani, ɗan goggon, mai gyaran waya a kasuwar Balbaji.

Shekara bakwai Radiya ta yi tana amshi a situdiyon Manzo a Tanut. Duk waƙar da ta fito daga ɗakin nan, muryarta na can bayan ta mai waƙar, amma ba a taɓa ambaton sunanta ba. Bara ta rubuta tata ta farko, ta kai masa. Ya saurara yana latsa waya, ya ce muryarta ta rakiya ce, ba ta jan gaba ba. Bayan wata biyu ta ji waƙar a gidan biki, a bakin wata Sakinatu, ana cewa Manzo ne ya rubuta. Da ta je ta same shi, ko kallonta bai yi ba.

"Wa ya gan ki kina rubutawa?" in ji shi.

Ranar ta haɗa kayanta ta dawo ƙauye wurin goggonta.

Yanzu tana da sabuwar waƙa. Baiti uku, duk a kan Manzo, ba tare da ta kama suna ba. Akwai na huɗu da ta rubuta ranar da ranta ya fi ɓaci, ta karanta, ta ji tsoron kanta, ta yaga ta jefa a murhu. Wani abokin Abdulgani a Damagaram ya haɗa mata kiɗa ya turo. Amshi ne kawai ya gagare ta. Duk wanda ta gwada sai ya fito kamar roƙo, ita kuwa ta gama roƙo. Sai ta bar gurbinsa fayau tsakanin baitoci.

A gida ba a iya ɗaukar murya. Ga awaki, ga injin niƙa, ga matan maƙwabta da ba sa rasa abin faɗa. Shi ya sa ta tuna da tsohuwar mangazar gyaɗa, wato babban ɗakin ajiya, da ke kan hanyar kwari, wadda aka daina ajiya a cikinta tun kafin a haife ta.

Ta miƙa wa Baba Yakubu furarsa. Ya dubi rana, ya dube ta.

"Ki bi ta burtali, 'yata. Ya fi kusa."

"To, Baba."

Ba ta bi ta burtali ba.

Ƙofar mangazar ta ƙarfe ce, tsatsa ta riƙe ta a buɗe. Ciki da sanyi. Warin kashin jemage, da na tsohon buhu, da wani ɗan ƙauri kamar na gyaɗar da aka manta a wuta. Hasken yamma na shigowa ta ƙofa ya kwanta ja a bangon gabas. Rufin kwanon na ƙas, ƙas, yana hucewa.

Ta tafa hannu sau ɗaya. Ɗakin ya dawo mata da sautin a hankali, zagaye, ba kaifi. Ko situdiyon Manzo bai kai nan ba.

Ta ɗora salula a kan wani bulo, ta toshe kunne, ta saki kiɗa.

"Ni na shuka, wani ya ɗaure dami,
Ni na daka, aka ce ban zo ba."

Ta yi baiti ukun a tafi ɗaya, tana yin shiru a gurbin amshi. Sannan ta mayar don ta ji. Muryarta ta fito tsaf, har sai da ƙwalla ta taru mata. Amma a gurbin farko akwai wani abu. Ɗan gunji, can ƙasa, kamar mace na rera wa goyo da baki a rufe.

Ta cire abin kunnen. Babu iska. Ko ganye ba ya motsi a waje.

Ta ce wa kanta mikron aro ne. Ta goge, ta sake.

Baitin farko ya wuce lafiya. Ta rufe baki, kiɗa na tafiya.

Sai aka amsa.

"Bar shi ya ci, bar shi ya ci,
Ranar amai muna nan."

Muryar mace ce. Mai kauri, mai sanyi, ba gaggawa. Ta hau kiɗan daidai, kamar da ita aka haɗa shi. Shekara bakwai Radiya na wannan aiki, ba ta taɓa jin amshi ya zauna haka ba. Wata guda tana neman waɗannan kalmomi.

Abin da ya fi ba ta tsoro daga baya shi ne, ba ta gudu ba. Gurbin ya ƙare, ta shiga baiti na biyu. Aka amsa. Ta shiga na uku, zuciyarta na jin wani irin daɗi mai ɗaci. Aka amsa.

Ta danna tsayarwa.

Kiɗan bai tsaya ba.

Ta sake dannawa. Fuskar salular ta yi baƙi. Gangar na ci gaba a kunnenta.

"Ci gaba," aka raɗa mata.

"Wace ce?" in ji Radiya.

"Mai amshi."

"Na gama. Baiti uku ne."

"Huɗu ne. Wanda kika sa a murhu."

Ta fizge abin kunnen ta jefar. Kiɗan ya koma cikin bango. Ƙaurin gyaɗa ya cika ɗakin, har yana shaƙe ta.

Ta dubi bangon gabas. Hasken ya rage kamar faɗin tabarma. Inuwarta na ciki.

Bayan inuwarta akwai wata.

Doguwa. Kanta ya kai rufi, ya tanƙwaro. Ta tsaya dab da kafaɗarta ta hagu, inda Radiya kanta take tsayawa a bayan masu waƙa.

Ba ta waiwaya ba.

Gurbin baiti ya zo. Bakinta ya buɗe da kansa.

Kalmomin da ta ƙona suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya da ta ɓace. Kunnen da ya ji ya ce bai ji ba, ya toshe. Harshen da ya ci haƙƙi, ya bushe. Tana jin su suna wucewa ta maƙogwaronta, da zafi.

Ta nemi a'uziyya. Babu wurin da za ta bi. Waƙa ta cika bakin.

Layin ƙarshe sunan Manzo ne. Da na uwarsa.

Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyanta. Ana jira.

Ƙofa ta yi ƙara.

Tsatsar shekara da shekaru, tana rufuwa a hankali.

"Man..."

Ta datse harshenta da haƙori. Da ƙarfi.

Jini ya cika mata baki.

Kiɗan ya yanke.

Can nesa, daga ƙauye, ladan ya ɗaga murya.

Ta tofar, ta ambaci sunan Allah da harshen da ya tsage, ta wawuri salula da mikro, ta faɗa wa ƙofa. Buɗin da ya rage kamar taƙi ɗaya. Ta kutsa ta gefe. Ƙarfen ya kama zanenta, ya yage shi, ya karce mata haƙarƙari.

Daga ciki, ba fushi, ba ɗaga murya, aka ce:

"Amshi ba ya zama shi kaɗai. In ba za ki ƙarasa ba, ki turo wani."

Ba ta san yadda ta isa gida ba. Goggo Indo ta gan ta ba takalmi, haɓa duk jini, ta rufe ta da bargo, ta aika a kira liman. Kwana tara Radiya tana shan kunu da rubutu.

Da Abdulgani ya zo karɓar mikronsa, ta miƙa masa salular ta ce ya goge duk abin da ke ciki. Ya ce to. Sai da ya saurara tukuna, kuma da ya saurara ya kasa gogewa. Baiti uku ne a ciki da amshinsu, na huɗun bai kamu ba. Ya tura wa mutum ɗaya. Kafin a gama sussukar gero, waƙar na tashi a shagunan cajin waya daga Balbaji har Tanut. 'Yan kabu-kabu na rera amshin, mata na rera shi a bakin rijiya. Masu tura waƙoƙi suka ji murya irin ta situdiyon Manzo, sai suka rubuta mata suna: sabuwar waƙar Sakinatu.

Harshen Radiya ya warke, da ɗan tabo. Amma ranar da ta manta ta ɗan yi gunji tana daka, sai ta ji an karɓa daga bayan danga. Ta ajiye taɓarya. Tun daga ranar ba ta ƙara rera komai ba.

Wata Laraba bayan azahar, babur ya tsaya a ƙofar gida. Manzo ne, da sabuwar shadda da jakar kayan ɗaukar murya a baya. Goggo Indo ta shimfiɗa masa tabarma a zaure. Radiya ta fito ta durƙusa daga nesa.

"Sannu da zuwa, Yaya Manzo."

"Yauwa. Na ji abin da kika yi. Baitocin ba laifi, da gyara." Ya kurɓi ruwa. "Ba wannan ya kawo ni ba. Yarinyar da ta yi miki amshi nake nema. Irin muryar nan ba a barin ta a ƙauye. Ba ni lambarta."

Radiya ta dube shi. Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ko kalma ɗaya game da waƙar bara, ko game da sunan da ke kan wannan. Ya ciro wayarsa yana jiran lamba.

"Ba ta da salula," ta ce.

"To ina take?"

Ta taɓa tabon da haƙorinta.

"Ka san tsohuwar mangazar gyaɗa, kan hanyar kwari? Nan take zuwa. Sai dai ba ta fitowa sai rana ta yi ja. Ka shiga, ka saki kiɗa, ka ba da waƙa. Za ta amsa."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Tana da kunya, kada ka je da kowa."

Ya yi dariya, ya miƙe, ya karkaɗe shaddarsa. Bai yi mata sallama ba.

Radiya ta koma tsakar gida ta zauna gaban tiren gyaɗar da take ɓarewa. Ta ji ya tada babur. Daga inda take, in ta ɗaga murya zai ji. Ta saurari ƙarar tana bin hanyar kwari, tana raguwa.

"Me ya kawo shi?" in ji Goggo Indo daga madafa.

"Aiki ya zo nema, Goggo," ta ce, ta ɗauki wata gyaɗar ta fasa.