Ƙurungu a Ƙasan Gilashi

Tsakuwar farko a cikin farantin Baba ta faɗo, ana daf da kiran magariba. Jiƙaƙƙiya ce, tana warin taɓo. Baba ya dubi silin, ya dubi taga a rufe, sannan ya dubi 'yarsa.

Komai ya faru a gidan, ita ake fara duba. Aku ake ce mata, domin babu muryar da ke wuce kunnenta ta tsira: tarin mai gidan haya, kiran mai gyaran takalmi, har gyaran muryar da Baba ke yi kafin ya faɗi abin da bai sani ba. Amma ran nan hannuwanta biyu suna cikin ruwan wanke-wanke.

A falon akwai ɗan akwatin gilashi na kifin ado, wanda Umma ke ji da shi. Ƙananan kifaye ne, ja da ruwan ɗorawa, suna zaman lafiya. Da ragowar abinci ta fara ɓata ruwan, mai sayar da kifin ya ce a nemo masu zaman ƙasan ruwa su riƙa cinye ta, 'yan mitsi-mitsin nan masu gashin baki da ba sa taɓa kowa. A ɗauke su da ɗan yawa don ba sa son kaɗaici, a shimfiɗa musu yashi mai laushi. Ya kuma ja kunne kada a saka kifin da ba a san asalinsa ba. Baba ya yi gyaran murya ya ce ai kifi kifi ne. Ya je tsohon kududdufin bayan garejinsa ya kamo ƙurungu baƙi wuluk, ya haɗo da tsakuwar wurin cike da gwangwani.

Ƙurungu idan an kama shi yana da wani ɗan gurnani. Sau ɗaya Aku ta ji. Da rana ta yi ja, ta manna fuska jikin gilashin, ta mayar masa da kukansa babu ragi. Kifin ya juyo a hankali ya dube ta.

Daga ranar, yamma ta daina zuwa gidan yadda ta saba. Da inuwa ta cika tsakar gida sai shiru ya sauka, mai nauyi, sai tsakuwa ta fara sauka ɗaya-ɗaya a kan kujeru. Ƙananan kifayen suka taru a sama, suna raguwa, ba gawa ba ƙaya.

Sai wata yamma Aku ta buɗe baki da muryar tsoho, kakkaura, kamar daga cikin rijiya. Baba ya yi dariya ya tambaye ta yau kuma wa ta ɗauko. Umma ba ta yi dariya ba. Ta san 'yarta: idan tana kwaikwayo takan saci kallon mutum ta ga ko ya dara. Wannan ba ya kallon kowa. Yarinyar ta sauka daga kujera, ta kwanta rub da ciki a ƙasa, jikinta sanyi ƙalau. Kwanaki suka wuce, ba a sake jin muryarta ba.

Malamin da aka kira dattijo ne mai sanyin magana. Ya zauna kusa da kanta, ya yi ta karatu har fitilar akwatin ta fara rawa.

"Wane ne kai?"

"Mai ƙasa," in ji muryar. "An ɗauko ni da gidana a gwangwani, ban ce komai ba. Sai yarinya ta kira ni da bakina. Wanda aka kira, ai zuwa yake."

Malam ya ce kiran wasa ne, ya umarce shi ya fita daga jikinta. Aljanin ya fara ciniki. A bar masa ƙasan gilashin, su riƙe sama. Lokaci-lokaci ya ɗan taɓa ƙaramin kifi. Shi kuma ya saki yarinyar. Baba har ya fara gyaɗa kai.

Umma ta matso. Ta tsaya a kansa.

"Baƙon da ke cin maƙwabtansa ba ya kwana a gidana. Yau ka ce kifi. Gobe wa?"

Tsakuwa ta taso ta fasa mata goshi. Ba ta ko shafa ba. Malam ya ɗaga murya, karatu ya cika ɗakin, ruwan akwatin ya yi ta tangal-tangal. Da muryar ta dawo, ta yi laushi. Ya yarda a mayar da shi kududdufinsa da tsakuwarsa duka. Sharaɗi ɗaya ya rage: yarinyar ta yi alkawari ba za ta ƙara kwaikwayon kowa ba har abada.

Malam ya dubi Umma. Sharaɗi ne mai sauƙi, kuma ita kanta ta sha roƙon Allah ya shirya bakin nan.

"Tsakuwarka taka ce, a kai maka," in ji ta. "Bakin 'yata kuwa, ni da na haife ta na kasa ɗaure shi. Ba kai ba."

Malam ya tofa a ruwa ya yayyafa. Yarinyar ta sandare, ta yi wani dogon gurnani, ta yi atishawa, sannan ta saki jiki. Baba da kansa ya tsame ƙurungun a bokiti, ya kwashe tsakuwar tas, ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba.

Aku ta buɗe ido. Umma ta durƙusa, jini na bin gefen fuskarta, ta roƙe ta ta ce wani abu, ko mene ne.

"Umma, yunwa nake ji."

Muryarta ce, siririya, tata.

Da Baba ya dawo da bokitin wayam, ya tsaya bakin ƙofa yana haki, sai ga muryar nan daga bayan kujera, kakkaura, kamar daga cikin rijiya.

"Ai kifi kifi ne."

Bokitin ya suɓuce masa. Malam ya kai hannu ga carbinsa. Umma kaɗai ba ta motsa ba, domin ta ga yarinyar tana satar kallonsu.