Lakar da Kogi Ya Bari

A can zamanin da, wasu mutanen hamada suka yi ƙaura zuwa bakin wani babban kogi. Don son ruwa, suka kafa bukkokinsu dab da shi.

Da damina, kogi ya cika ya batse, ya rushe bukkokin. Da ya janye, ya bar baƙar laka ko'ina. Mutane suka yi ta kwashe ta, suna zuba farin yashi irin wanda suka saba da shi.

Akwai wata mata mai yawan tambaya. Ta ce wa mijinta, "Maigida, me ya sa kogi ya kawo mana wannan laka?"

Ya ce, "Ƙazanta ce, kwashe ta."

Ta ce, "Bari dai in ga abin da za ta yi."

Maƙwabta suka yi ta dariya. Ita kuwa ta shuka 'yar sauran dawarta a cikin lakar.

Rani ya tsananta, abinci ya ƙare, mutane suka ɗaure kaya za su koma hamada. Sai ga dawar matar ta nuna.

Suka kwance kaya, suka mai da bukkoki kan tudu, gari ya kafu. Da kogi ya sake janyewa, mijin nan ne ya tsaya da sanda, yana korar duk wanda ya zo da yashi.