Ɓarawon Iska

Ƙafafunsa ta fara gani. Ƙafafu biyu cikin tsofaffin takalman roba, sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota da aka ɗaga har sai mutum ya miƙa wuya kafin ya ga madubinta. Auta ta yi sallama, ta sake yi, sannan mai ƙafafun ya zamo waje a kan wani allon katako, ya miƙe. Ta tsaya tana jira ya gama miƙewa, ashe ya gama. Iyakarsa kafaɗarta.

Gajere ake ce masa a garejin. Shi ma haka ya gabatar da kansa yana goge baƙin mai a hannu, ya ce Allah bai ba shi tsawo ba, shi ya sa yake ramawa a kan motoci.

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. To, kun san dariya irin wannan, ƙofa ce, in ta buɗe ba ta cika rufuwa ba.

Auta likitar dabbobi ce, sabuwar kama aiki, an tura ta yi wa shanun makiyaya allura can bayan wani busasshen kogi inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Motar da ta kawo tsohuwar a-kori-kura ce ta Babanta, wanda ya yi rayuwarsa yana jan babbar mota kafin ya ajiye sitiyari. Gajere bai ko buɗe bonet ba tukuna. Hanyar ya fara tambaya: yashi ne, ko laka, ko duwatsu? Wane irin kaya take ɗauka? Ita kaɗai take tafiya? Da ta ce ita kaɗai, sai ya daina murmushi, ya zagaya motar a hankali kamar mai duba mara lafiya.

Aikin ya ɗauki makonni. Ya ƙara wa sifirin ƙarƙashin motar ganyen ƙarfe, ya sa dogayen shokozoba masu shanye gargada, ya saka faffaɗan tayoyi masu manyan haƙora, ya ɗaure farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa shi. Ƙaramar giyar nan da ke sa tayoyin huɗu su ja tare ta daskare saboda rashin amfani, ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya mayar. Auta kuwa kullum sai ta biyo ta duba aiki. Ta zauna a kan tsohuwar kujerar mota da suka mayar benci a ƙarƙashin rumfar kwano, tana miƙa masa sufana, yawanci ba wadda ya nema ba, shi kuma ya karɓa ya ce ai ita yake so.

Ranar da ta karɓi motar, ko gida ba ta kai ba saƙon Gajere ya shigo.

"Likita, na duba ko'ina ban ga laifin da zai dawo da ke gobe ba. Na yi aikin da ya cuce ni."

Ta ajiye mota a gefen hanya ta amsa: "Akwai wata ƙara da nake ji. Ban san ko daga inji take ba ko daga ƙirjina. Sai an duba."

Ba a daɗe ba ya zo gida ya gaida iyaye. Mama ta so shi tun daga yadda ya durƙusa. Baba kuwa ya amsa gaisuwa, ya fita da ɗingishinsa ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa kowace taya da sandarsa, ya ce walda ba laifi. A bakin Baba wannan yabo ne babba. Sai dai zuciyarsa tana wani wuri: ɗan amininsa, mai shagon sayar da tayoyi a bakin titi, yaro mai fara'a da tsabtar riga, wanda ya daɗe yana kawo gaisuwa yana satar kallon Auta.

Ɗingishin nan na Baba yana da tarihi. Tayar gaba ce ta fashe masa a kan kwalta da rana tsaka, saboda an bar ta ba isasshiyar iska ta yi zafi, motar ta kife da shi. Tun daga ranar, iskar taya a wurinsa ba abin wasa ba ce. Auta ta tashi tana jin cewa taya mai laushi kabari ce a buɗe.

Gidansu shi ne na ƙarshe a layin, daga bayansa kwalta ta ƙare, hanyar yashi ta fara. Wata rana Auta ta yi wa Gajere ƙorafi cewa duk da gyaran, motar tana nitsewa a tsakiyar kogin nan, sai makiyaya sun turo ta. Ya ce ta bar masa. Washegari da safe, tana ciki tana shirya magunguna a akwatin ƙanƙara, ya biyo a kan hanyarsa ta zuwa gareji, ya tsuguna ya sace wa tayoyin huɗu iska, ya wuce da sauri don akwai mai jiransa.

Mai shagon taya yana tafe zai buɗe shago, ya gan shi. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, sai dai ya ɗan ƙara gishiri. Ya ce wa Baba dabara ce tsohuwa: ka lalata, a kira ka, ka zama gwani.

Auta ta fito ta tarar da Baba yana danna taya da ƙafarsa mai lafiya, fuskarsa ba annuri. Don ta wanke Gajere, ta miƙa masa wayarta ya ga saƙon da ya shigo yanzu.

"Ranki ya daɗe, na sace wa tayoyinki iska. Kada ki bari kowa ya ƙara. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mini da ke."

Ai gara ma ba ta nuna ba. Baba ya karanta, ya maimaita "kada ki bari kowa ya ƙara" a hankali, ya mayar mata da wayar. Ya ce ya ga ɓarayi iri-iri a hanya, amma ɓarawon iska yau ya fara gani, kuma wanda zai yi wasa da ran 'yarsa don ya samu kira, ba shi ba ƙofar gidansa. Mama ta ce daga bakin ƙofa ai ɓarawon iska ya fi ɗan iska, a dai ji ta bakin yaron. Ba wanda ya yi dariya. Mai shago ya kawo famfo, aka cika tayoyin suka yi tauri kamar dutse.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne ita kanta ta yi shakka. Maganar ubanta ce a kunnenta tun tana goye. Ta rubuta masa: "Me ya sa ka yi haka? Ka san abin da taya ta yi wa Baba. Ya ce kada ka ƙara zuwa gidanmu."

Amsar ta zo: "Ban sani ba, wallahi. Da na sani da na fara zama da shi. Ba zan ce Baba ya yi kuskure ba, a kan kwalta gaskiyarsa ce. Amma yashi ba ya son taurin kai. Laifina ɗaya, na yi kafin in yi bayani. Zan bi umarninsa, ba zan zo ba. Ki kula mini da kanki, Likitata."

Bai zo ba kuwa. Auta ta ci gaba da aiki, ta ci gaba da kafewa, ta rame. In ta wuce ta gaban garejin sai ta kau da kai, amma ta gefen ido tana ganinsa ya tsaya da sufana a hannu har ta ɓace.

Da Baba ya gaji da jin labarin kafewa, ya ce laifin direba ne, gobe shi zai ja motar, ta gani. Suka fita da hantsi, ya riƙe sitiyari kamar bai taɓa ajiyewa ba. Ya sa ƙaramar giya, ya shiga kogin da ƙarfinsa. Ba su kai tsakiya ba motar ta fara haƙa. Ya ba ta wuta, ta ƙara nitsewa. Ya yi baya, ya yi gaba, har yashi ya taɓa farantin ƙarfen. Rana ta take, ba makiyayi ko ɗaya, ƙanƙarar akwatin magani ta fara zama ruwa, shanun mutane suna can suna jira.

Suka tone yashin gaban tayoyin da hannu. Baba ya zauna yana haki, yana murza ƙafarsa. Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yi mini izini in yi abin da ka hana. In bai yi ba, ba zan ƙara ambaton sunansa ba."

Ya juya mata baya.

Ta samo ɗan tsinke ta danna bawul ɗin tayar farko, inda ake ɗura iska, iska ta fara fita da shewa. Kowace shewa kafaɗar Baba sai ta motsa. Tana kan ta biyu ya kasa daurewa, ya ce in za a yi ɓarna a yi ta daidai, ga shi ta bar wannan ta fi waccan laushi. Ya karɓi tsinken. Shi ya ƙarasa sauran da hannunsa, yana kallon yadda cikin tayar ke bajewa a kan yashi kamar tafin raƙumi.

Ya shiga, ya taka totur a hankali. Motar ta yi ɗan nishi, ta hau, ta tafi sumul kamar a kan tabarma.

Suka gama allura suka juyo. Sai da suka hango kwalta ya taka birki, ya ce shi kam ba zai hau titi da tayoyin nan ba ko da za su kwana a nan. Auta ta tura kujera gaba ta nuna masa wani ɗan famfon lantarki da Gajere ya ɗaure a bayanta tun lokacin gyara, wayarsa a haɗe da batir, da ma'aunin iska a rataye. Ita duk zatonta na ranar faci ne.

Baba ya daɗe yana juya ma'aunin a hannunsa.

"Ashe yaron yana tsoron kwalta," ya ce.

Ya cika tayoyin da kansa, ya auna kowacce. Da suka shiga gari bai tsaya a ƙofar gida ba, ya miƙe sai gareji. Gajere ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya ga wanda ke kan sitiyari, ya zube ƙasa yana gaisuwa. Baba bai sauko ba. Ya ce wayar famfon nan ta yi gajarta, da ƙyar ta kai tayar baya, a sake ta. Gajere ya ce to, Baba. Ya ce kuma mutum ba ya taɓa motar mutane sai ya yi sallama da masu gida. Gajere ya ce ya tuba.

"Iyayenka suna nan da rai?"

"Suna nan, Baba."

"To ka ce ina son ganinsu. Ni ba na magana da ɓarawo sai da manyansa."

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon akwatin magani kamar yau ta fara ganinsa. Kafin su kai gida wayarta ta yi ƙara.

"Likita, hannuna rawa yake yi, na kasa ɗaure noti. Wannan ciwon na mutane ne ko na dabbobi?"

Ta rubuta: "Na ɓarayi ne. Maganinsa yana gidanmu, sai ka zo da manya."

Bayan damina aka ɗaura aure. Mai shagon taya ya zo, ya yi wa ango murna da zuciya ɗaya, ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa, aka yi dariya aka wuce wurin. Da za a tafi da amarya, Mama ta riƙe ta tana hawaye tana yi mata nasiha. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya kira ango gefe. Kowa ya zaci doguwar huɗuba zai yi. Sai ya kama hannun yaron, hannun nan da sabulu bai taɓa gama fitar da baƙin mansa ba, ya ɗora na Auta a kai.

"Ita kaɗai ta rage mini a gidan nan," ya ce. "Na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari, ya sa duk inda kuka nufa ku isa tare."

Jama'a suka ce amin, Mama ta fi kowa ɗaga murya.