Sunan Da Babu A Littafin Rantsuwa

Arlene na cikin kicin tana goge rigar da za ta sa gobe, sai ga surukarta, Madam Eudora, ta faɗo ko ƙwanƙwasa ƙofa babu.

"Ajiye gugar nan, yarinya! Ni zan riƙe wa ɗana Baibul."

A ƙasarmu kowa ya sani, ranar rantsuwa matar mutum ce ke riƙe masa littafi ya ɗora hannu. Gobe kuwa za a rantsar da mijinta, Dorsey Pruitt, a matsayin jakada, bayan shekara sha huɗu yana majalisa.

"Mama, ai ni ce matarsa..."

"Matarsa! 'Yar mai haƙar kwal, direbar bas ɗin 'yan makaranta? Kakansa fa gwamna ne! Da wannan kaushin hannun za ki shiga hoto?"

Kai jama'a! Hannun nan ne fa ya bi gida-gida cikin ƙanƙara yana nema masa ƙuri'a, lokacin da uwar ta daina ɗaga wayarsa don ya auri talaka. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gogan naka Dorsey, yana nan tsaye a kicin ɗin yana sosa ƙeya.

"Ki bar mata, Arlene, minti biyu ne fa," in ji shi.

Ta sha kukanta, ta share hawaye, ta goge masa kwat ɗinsa.

Washegari zaure ya cika. Madam ta tallabo ƙaton Baibul na gado, wanda ake rubuta aure da haihuwar zuri'a a shafin farko. Don burga ta buɗe wa 'yan jarida su ga sunan gwamna. Dorsey ya leƙa. Ga sunansa, gefensa fili fetal. Shekara ashirin da aure, ba a rubuta Arlene ba!

Sai ya miƙa hannu. "A ba ni biro."

"Dorsey — kada ka kunyata ni!"

"Mama, ni ne abin kunya, tun jiya."

A gaban kowa ya karɓi littafin ya rubuta sunan Arlene, har da na ubanta mai haƙar kwal. Ya durƙusa ya nemi gafararta, ya ɗora littafin a hannun nan mai kaushi, sannan ya yi rantsuwa.

Haƙuri ya yi wa Arlene rana. Ku kuwa samari, ku ji da kyau: girmama uwa wajibi ne, amma duk wanda ya kasa tsaya wa matarsa a kicin, da wane ido zai tsaya wa ƙasarsa a waje?